Ban Karanci Magani Ba, Yaya Zan Koyar da Turancin Likitanci ga Ɗaliban Harhaɗa Magunguna?

Wata malama daga Gadarif a ƙasar Sudan ta rubuto tana cewa: "Assalamu alaikum, Malam. Ni Turanci na karanta. An ba ni ɗaliban aji uku na tsangayar harhaɗa magunguna, awa biyu a mako, in koya musu Turancin likitanci na matakin gaba. Da na shiga ajin sai na tarar sun fi ni sanin kalmomin nesa ba kusa ba. Da me zan fara, me zan bari? Kuma in hana su Larabci a aji ko in ƙyale su?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya yi miki jagora a wannan aiki, ya sa ki fi ƙarfinsa.

Ki kwantar da hankalinki game da manyan kalmomin nan, don ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗalibin aji uku ya ji "pharmacokinetics" da "bioavailability" har sun gundure shi, kuma yana da malaman da aikinsu ke nan. Abin da ke kayar da shi ƙananan kalmomi ne da ba wanda ya taɓa tsayawa ya koya masa: "unless", "within", "at least", "no more than", "every other day", "should", "must". Waɗannan kuwa a gonarki suke. Ni aikin magani na yi, na tsaya a saidaliyya, wato kantin magani, na kuma koyar, kuma abin da na gani shi ne kuskuren da ke isa jikin mara lafiya yawanci a irin waɗannan kalmomi da lambobi yake ɓuya.

Akwai dalilin da ya sa ɗalibanmu suke haka. Tun daga 1965 aka fara mayar da karatun sakandare a Sudan zuwa Larabci, a 1990 kuma aka kawo wannan tsari jami'o'i. Amma littattafan magani, da takardun da ke cikin kwali, da rubutun likita a kan rushatta, wato takardar da yake rubuta wa mara lafiya magani, duk da Turanci suka ci gaba. Sai yaro ya fito sakandare da Turanci kaɗan, ya shigo tsangayar da komai nata Turanci ne, ya ga ba shi da mafita sai hadda. 'Ya'yanmu kuwa ba a gaya musu hadda, tun daga allo suka saba. Ga namu na Mai Wurno da Gadarif da Kasala, Turancin ma harshe na uku ne, bayan Hausar gida da Larabcin makaranta. Shi ya sa za ki ga ɗalibi ya karanto miki ma'anar kalma tiryan-tiryan, amma ki ba shi jimla ɗaya mai sharaɗi uku a ciki, kansa ya kulle.

Don haka kada ki jingina ajinki da irin littattafan Turancin likitanci na gama-gari, masu farawa da sunayen gaɓoɓin jiki da hirar likita da mara lafiya. Don ɗaliban likita aka rubuta yawancinsu. Ki sa kowane ɗalibi ya zo da kwalin magani da takardar cikinsa. Ke kuma ki sauko da takardar ƙwararru ta maganin daga intanet, wadda a Turai ake kira SmPC, kyauta ake samunta. Abin da ya sa nake son ta shi ne tsarinta ba ya canzawa, kowane magani kika ɗauko: sashe na 4.1 abin da maganin ke yi wa aiki, 4.2 yawan da ake sha da yadda ake sha, 4.3 waɗanda aka haramta ba su, 4.4 gargaɗi, 4.5 karonsa da wasu magunguna, 4.6 mai juna biyu da mai shayarwa, 4.8 illoli, 4.9 shan da ya wuce kima. Ɗalibin da ya san wannan taswira ba zai karanta shafi goma sha biyar don neman amsa ɗaya ba. Ki haɗa da BNF, kundin magunguna na Birtaniya da ake sabuntawa a kai a kai, wanda masu aikin magani a nan suka daɗe suna amfani da shi. Ko tsohon bugu kika samu zai yi miki aikin koyar da harshe, sai dai ki gaya musu kada su ba da magani da shi.

Ki fara da maganin da kowa a ajin ya taɓa sha, wato artemether-lumefantrine na zazzaɓin cizon sauro. Babba mai nauyin kilo 35 zuwa sama yana shan ƙwaya huɗu a kowane sha, sau shida, jimla ƙwaya 24. Takardar ta ce bayan shan farko, sauran biyar ɗin a awa 8, 24, 36, 48 da 60, sai ta rufe da kalmar "thereafter". Ki rubuta a allo: mara lafiya ya sha na farko ƙarfe 8 na safiyar Asabar, kowa ya rubuta mini rana da lokacin sauran. Amsar ita ce ƙarfe 4 na yammacin Asabar, 8 na safe da 8 na daren Lahadi, 8 na safe da 8 na daren Litinin, domin duk lissafin daga shan farko yake tashi. Ki zagaya ki duba takardunsu. Za ki sami waɗanda suka ƙirga awa 24 daga sha na biyu, awa 36 daga na uku, haka har ƙarshe, sai maganin kwana uku ya miƙe ya haura mako guda. Kada ki gyara musu da bakinki. Ki ɗaga takardu biyu masu amsa daban, ki ce su koma jimlar su nuna miki kalmar da ta raba gardama. A wannan darasi ɗaya za su gane abin da ajinki ya zo yi, kuma ba wanda zai sake tambayar me malamar Turanci ta sani game da magani.

Daga nan sai matakan hani, kuma ina roƙonki ki daɗe a kansu, ko da za su ci miki makonni. Takardar magani ba ta hani da murya ɗaya. "Contraindicated" da "must not" hani ne yanke, ba a bayarwa. "Not recommended" da "should be avoided" a guje shi, sai in likita yana da hujja mai ƙarfi. "Use with caution" a bayar, amma a sa ido, wataƙila a rage yawa ko a riƙa gwajin jini. "May be considered" kuwa ƙofa ce a buɗe. Ɗalibanmu sukan tattara duka su kira su mamnu'i, wato abin da aka hana. Cutarwar ta fuska biyu ce: wanda ya ɗauki taka-tsantsan a matsayin haramci zai hana mai ciwon ƙoda maganin da yake buƙata alhali rage masa kawai ya kamata a yi, wanda kuma ya ɗauki haramci a matsayin shawara zai miƙa wa mai juna biyu abin da zai taɓa cikin. Ki yanko jimloli daga sashe na 4.3 da 4.4 na magunguna daban-daban, ki cakuɗa, su jera su daga mafi tsanani zuwa mafi sauƙi, kowa ya kare jerinsa da baki.

Haka kalmomin yawan illa a sashe na 4.8. A can lambobi ne sanye da rigar kalma. "Very common" mutum ɗaya cikin 10 ko fiye. "Common" daga ɗaya cikin 100 zuwa ƙasa da ɗaya cikin 10. "Uncommon" daga ɗaya cikin 1,000 zuwa ƙasa da ɗaya cikin 100. "Rare" daga ɗaya cikin 10,000 zuwa ƙasa da ɗaya cikin 1,000, abin da ya gaza haka kuma "very rare". Ki tambaye su kafin ki nuna musu: in aka ce illa "common" ce, mutum nawa cikin ɗari take kamawa? Da yawa za su ce rabi ko fiye. Mai wannan fahimta in ya tsaya a bayan kantar sayar da magani zai tsorata mutum ya ajiye maganin hawan jininsa.

Tunda daga Gadarif kike, ga misali daga ƙofar gidanku. Maganin cutar kalazar, mai kawo doguwar zazzaɓi da kumburin saifa, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010 don gabashin Afirka shi ne allurar sodium stibogluconate haɗe da paromomycin na kwana 17. A wata takarda za ki ga paromomycin miligiram 15 ga kowane kilo, a wata miligiram 11. Ba saɓani ba ne. Na farko awon gishirin maganin ne, wato sulfate, na biyu awon tsantsar maganin, kuma abin da ke nuna haka 'yan kalmomi ne irin "as sulfate", "base" da "equivalent to". Haka abin yake a quinine da chloroquine. Ba sai kin san ilimin sinadarai ba kafin ki koya wa ɗalibi cewa duk inda ya ga lamba, ya nemi kalmar da ke manne da ita kafin ya taɓa kalkuleta.

Tushen kalmomi na Girkanci da Latin, irin "nephro-" da "-itis", ki ba su mako ɗaya ki wuce, sun sha su a wasu darussa. Abin da ya fi amfani shi ne wutsiyar sunayen magunguna. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke raɗa wa magunguna sunan bai-ɗaya, jerin farko ya fito a 1953, kuma 'yan gida ɗaya wutsiyarsu ɗaya: "-olol" kamar atenolol, "-pril" kamar lisinopril, "-sartan" kamar losartan, "-dipine" kamar amlodipine, "-prazole" kamar omeprazole. Ki ba su sunan da ba su taɓa gani ba su faɗi danginsa. Ki kuma sanar da su cewa Amurka da Ingila ba su daidaita a wasu sunaye ba. Paracetamol a Amurka acetaminophen ne, salbutamol albuterol, glibenclamide glyburide, adrenaline epinephrine. Ɗalibin da malaminsa ya yi karatu da littafin Amurka, kantin unguwarsu kuma cike da kwalaye masu sunan Ingila, zai iya ɗaukar magani ɗaya a matsayin biyu.

Kowane aji ki ware minti goma na shifta da baki, lambobi da sunaye zalla. Larabci ba shi da sautin p da v, Hausa ma haka, kuma kunnen da bai saba ba yana haɗa "hypo" da "hyper", yana haɗa "fifteen" da "fifty". Ga wani abu da ban cika jin ana maganarsa ba: Balarabe yana fara faɗin ɗaya-ɗaya kafin gomiya, khamsa wa ishirin, don haka ɗalibin da ke lissafi da Larabci a zuci yakan ji 25 ya rubuta 52 in yana gaggawa. Namu da ke ƙirga da Hausa sun huta da wannan, ashirin da biyar tsarinsa ɗaya da na Turanci. Maganin duka shi ne su saba faɗin lamba harafi-harafi, "fifteen, one five", kuma duk umarnin da aka ba su ta waya su rubuta, su karanta wa mai bayarwa ya tabbatar. Ki zaunar da su biyu-biyu, baya da baya, ɗaya likita ɗaya mai magani.

A rubuce kuma akwai ƙa'idojin da aka saya da rayukan mutane. Tun 2004 hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta wajabta jerin gajerun rubutun da aka hana. Ba a rubuta U a madadin "units", don da rubutun hannu tana komawa sifili, insulin 10 ya zama 100. Ba a rubuta 5.0, don in ɗigon ya ɓace ya zama 50. Ba a rubuta .5 babu sifili a gaba, sai 0.5. Ba a rubuta QD da QOD, don sau ɗaya kullum da tsallaken kwana ɗaya suna rikiɗewa juna. OD a Ingila sau ɗaya a rana ne, a Amurka kuwa idon dama. Methotrexate na ciwon gaɓoɓi sau ɗaya a mako ake sha, kuma an rasa rayuka a ƙasashe da dama saboda an sha shi kullum. Sunaye masu kama da juna su ma haka, chlorpromazine da chlorpropamide, hydralazine da hydroxyzine. A Amurka sai da aka canja wa Losec suna zuwa Prilosec saboda ana rikita shi da Lasix. Ki samo kwafin rushatta na gaske daga wani mai saidaliyya da kika amince da shi, a goge sunan mara lafiya da na likita tas, su yi ta karantawa.

Sai magana da likita, wadda ita ce ɗalibanmu suka fi tsoro. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba abu ne mai kyau, amma na ga yarinya mai ilimi ta gano kuskure a rushatta, ta ɗauki waya, ta yi ta gaisuwa da neman afuwa har likitan ya ce yana da aiki ya kashe, ba ta kai ga faɗin abin da ya sa ta kira ba. Ki koya musu tsarin nan mai hawa huɗu da ake kira SBAR: abin da ke faruwa, abin da ya gabata, abin da na fahimta, abin da nake ba da shawara. Misali dattijo yana shan warfarin, an rubuta masa metronidazole. Na biyun yana ƙara ƙarfin na farkon, jini ya tsinke fiye da kima, har ya iya ɓallewa. Ɗalibi ya faɗi wannan cikin jimla huɗu ko biyar da Turanci mai ladabi, ya ƙare da shawara a fili: a canja maganin, ko a duba gwajin daskarewar jini na INR cikin 'yan kwanaki. Jimlolin ladabin ke ce gwanarsu. Ki ba su uku ko huɗu su riƙe, su maimaita har bakinsu ya saba.

Yanzu tambayarki ta Larabci. Kada ki hana, amma ki ba shi wurinsa. Karatu, da rubutu, da magana da likita, Turanci zalla. In an zo bayani ga mara lafiya kuwa, da harshen mara lafiyan za a yi, domin ba wanda zai tsaya a Wad Madani ko Sinnar ya yi wa tsohuwa bayanin magani da Turanci. Kuma wannan juyin shi ne gwaji mafi gaskiya na fahimta. Mai hadda zai iya maimaita miki jimlar Turanci bai gane ta ba, amma ba zai iya mayar da ita Larabcin kasuwa ko Hausa ba sai ya gane. Ki sa ɗaya ya zama Iya da ta zo daga ƙauye, Larabcinta bai taka kara ya karya ba, ɗayan ya yi mata bayanin maganin zazzaɓin nan: ƙwaya huɗu yanzu, huɗu bayan La'asar, ki sha da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai, in kin yi amai kafin awa ɗaya ki sake shan wasu ki dawo a cika miki, kada ki daina don kin ji sauƙi. Sannan ya ce, Iya, maimaita mini yadda za ki sha in ji ko na yi bayani daidai. Kowace awa takwas kuma su koyi ɗaure ta da abin da mutum ya sani, bayan Asuba, bayan Azahar, da lokacin kwanciya. Su kuma tanadi amsar mai ciwon suga da zai tambaya yaya zai yi da maganinsa in azumi ya kama. Ɗalibanki Hausawa su san cewa harshen gidansu kayan aiki ne a wannan sana'a. Ki ba su maki a kansa kamar yadda za ki ba mai Larabci.

A kashi na ƙarshe na zangon ki kawo takardar bincike, guda ɗaya ta isa in an tatse ta da kyau. Ki zaɓi wadda ta shafi ƙasar nan. Cibiyar binciken cutar mycetoma ta Jami'ar Khartum, wadda aka kafa a 1991, ta fara gwajin maganin fosravuconazole a kan itraconazole a 2017, kuma an wallafa abubuwa da yawa da Turanci a kan wannan cuta da ke cin ƙafafun manoman Jazira da Sinnar. Abu biyu za ki nema a ciki. Na farko kalmomin kaffa-kaffa: "was associated with" ba ta ce abu kaza ne ya haddasa ba, "may suggest" ba ta ce an tabbatar ba. Na biyu yadda ake faɗin raguwar haɗari. In cuta tana kama mutum 2 cikin 100, magani ya mayar da su 1 cikin 100, ɗan tallan kamfani zai ce an rage haɗari da kashi 50 cikin ɗari, kuma bai yi ƙarya ba. Amma sai an ba mutum 100 maganin kafin a tsare mutum ɗaya. Waɗannan ɗalibai nan gaba su ne 'yan talla za su riƙa yi wa sallama da ƙasidu masu sheƙi.

Ki nemi malami ɗaya a tsangayar, mai koyar da aikin magunguna a jiki, ki riƙa nuna masa misalanki kafin ki shiga aji, ki kuma tambaye shi magungunan da suke kai a wannan zangon don ku tafi tare. In ɗalibi ya yi miki tambayar da ta shafi magani tsantsa, ki ce a buɗe takarda a nemo sashen, ya karanta da ƙarfi. Haka ƙwararru ke yi a bakin aiki. Halin da yaƙi ya jefa karatu tun Afrilun 2023 kuma bai hana wannan tsari ba, don takardun ana sauke su sau ɗaya a waya, shifta da hirar likita kuma ana iya yinsu da saƙon murya ta WhatsApp. In sun yi amfani da manhajar fassara, ki sa su kawo fassarar a gwada ta da asali, su nemo inda ta sassauta hani ko ta tsananta shi.

Jarrabawa kada ta zama ta kawo ma'anar kalma ashirin. Ki ba su takardar maganin da ba ku taɓa yi a aji ba, a buɗe a gabansu, da labarin mara lafiya, da ƙayyadadden lokaci: shin a ba shi, nawa, yaushe, me za a gaya wa likita a rubuce. Sai kashi na baki, minti biyar kowa, kiran likita da Turanci da bayani ga mara lafiya da harshensa. Wannan zai kuma taimaki masu niyyar aiki a Saudiyya, inda jarrabawar lasisin masu harhaɗa magunguna da Turanci ake yinta, da masu neman OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, wadda ke da ɓangare na musamman don wannan sana'a. Wajen maki, ki raba kuskure gida biyu ki sanar da su tun makon farko. Wanda ya manta "the" ko ya karkace lokacin aikatau, ki cire kaɗan ki gyara masa a gefe. Wanda ya canja lamba, ko ya mayar da mako ya zama kullum, ko ya karanta haramci a matsayin izini, ya rasa makin wannan tambayar gaba ɗaya, ya kuma dawo ya sake ta a gabanki kafin a rufe zango.